Kawu Dahiru da Maɓallin Fasawa

Duk wanda ya taɓa zama zauren Kawu Dahiru a Malumfashi ya san ba ya neman suna a kwamfuta sai ya fara dafa allon da yatsa, daidai layin da yake, kamar wani zai sace masa shi. Tun da ya bar aikin buga tafireta abu ɗaya ya sa a gaba, wato rubuta zuri'armu kaf, wa ya haifi wa, wa ya rasu, kafin idonsa ya ƙarasa mutuwa.

Tsohuwar kwamfutarsa tana da wani hali da yake so. In ya fara buga suna, harafi bayan harafi, shafin sai ya dinga tsalle yana bin sunan. In ya danna maɓallin fasawa na kusurwar hagu, sai ta mayar da shi layin da ya baro. "Wannan ita ce tarbiyya," in ji shi. "In na fasa, a mayar da ni inda aka ɗauko ni."

Kuma ba kwamfuta kaɗai yake yi wa haka ba. Ya taɓa hawa acaɓa zai je Kafur, a rabin hanya ya fasa. Yaron ya dawo da shi bakin kasuwa, Kawu ya ƙi sauka.

"Baba, ai ga gari nan mun iso."

"Nan ka ɗauke ni? Gindin dalbejiya ka ɗauke ni."

Ni na jawo masa fitina. Na kawo masa sabuwa daga Funtua, ina ta fankama da sanin kwamfuta. Ashe manhajar da na sa masa, in ka fasa nema, nan inda ta kai ka take yasar da kai. Binta biyu gare mu a dangi. Yana kan layin wadda ta rasu, ya leƙa wani suna, ya fasa, bai lura shafin ya zauna wani wuri ba, ya buga "Allah Ya jiƙanta" a gaban Gwaggo Binta ta Dayi. Aka buga takardar, aka raba ranar wani suna.

Washegari sai ga Gwaggo da kwandon kuɓewarta.

"Dahiru, ashe na mutu ban sani ba? Ko ta'aziyya ba ka zo ba."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Wallahi ranar na ga hawaye a idonsa, kunya ta kama ni. Ya tura mini kwamfutar ya ce, "Ɗauki abarka, ba ta da kunya."

Kwana uku na yi ina gyara. Ya gwada, ya yi tsaki. Wai in hannunsa ya kuskure harafi neman ya ci tura, dannawar farko ta share kuskuren kawai, ta biyu ce za ta kai shi gida.

"Kawu, ai ka cika tsirfa."

"Don na yi tuntuɓe sai a ce na fasa tafiya?"

Na gyara, kuma har yau haka tawa take.

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, bayan addu'ar uku na ɗaga murfin kwamfutarsa. Akwatin nema a buɗe yake, da haruffa biyu a ciki, ban san wa yake nema ba. Na rasa ta inda zan fara, don shafukan da yawa, kuma ba wanda ya san inda ya tsaya. Na yi bisimilla na danna maɓallin fasawa. Shafin ya gangara can ƙasa, ya tsaya a ƙarƙashin sunana. Ashe Kawu ya fara rubuta sunan 'yata da aka haifa watan jiya, ya kai "Hali", bai ƙarasa ba. Na zauna a tabarmarsa ina kuka, na cika mata sunanta.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Kawu, Ya haskaka kabarinka. Amin.