Abdurrazak da Gadon da Ba Ya Fita

A Kore Mairuwa kowa ya san Abdurrazak mai kantin kayan babur da hali guda: in magana ta fita bakinsa, ba ya janye ta ko da za a yanka shi. Tun yana yaro ya taɓa cewa jakinsu ba ya harbi. Jakin ya harbe shi a cinya, ya tashi yana ɗingishi ya ce ai gaisuwa ce. Haka ya girma, gemu ya fito, halin na nan.

Matarsa Zalihatu kuwa ba ta musu da shi, sai dai ta yi shiru, shirun da ya fi zagi ciwo. Da damina ta ce masa rufin ɗaki na yoyo, ya ce ba ya yi. Ran nan yana cin tuwo ruwa ya fara ɗiga masa a tsakar ka. Ta ɗauko laima ta buɗe, ta tsaya a kansa. Nan take ya ce, "Na sake ki, saki ɗaya!"

Ya zaci za ta yi kuka ta nufi gidansu a Tibiri. Ina! Zalihatu 'yar islamiyya ce. Ta ce, "To Malam, na ji. Amma idda a ɗakina zan yi ta, ci da sha kuma suna wuyanka har ta ƙare."

Washegari gogan naka ya hau babur sai Dutsi, wai neman lauyan da zai fitar masa da ita. A bakin kotu mai gadi ya ce masa lauyoyi sai Yamai. Wani dattijo cikin masu taya alƙali duba shari'ar aure ya saurare shi, ya ce, "Yaro, gaskiya matarka ta faɗa maka. Kafin idda ta ƙare, kalma ɗaya ta ishe ka: na mai da ke. In ta ƙare, sai sabon ɗaurin aure, shi ma in ta yarda."

Abdurrazak ya ce shi dai bai zo neman wannan ba. Amma wallahi ƙarya yake, don tun kan hanya zuciyarsa ke masa zafi. Yana son matar nan kamar ransa. Kalmar ce kawai ta fi ƙarfin maƙogwaronsa.

Makonni suka yi ta wucewa. Zalihatu ta yi lalle, ta yi kitso, ɗaki kullum cikin turare, ba ta ko kallonsa. Shi kuwa ya hau ya gyara rufin da ba ya yoyo. Sau nawa yakan tsaya bakin ƙofarta ya ce, "Zalihatu, na..." sai ya ƙare da, "na ga kajinki sun shiga rumbu."

Rannan ta ce masa, "Malam, iddata ta zo ƙarshe. Gobe Gwaggo Adama za ta zo a fara kwashe kaya."

Da hantsi gwaggon ta iso tare da Sambo mai amalanken jaki. Aka fitar da kwanoni, aka fitar da tukwane da akwatuna, Abdurrazak na tsaye yana duban sama wai hadari yake kallo. Da aka zo kan gado, sai ga shi ya faɗa ɗakin ya zauna daram a tsakiyarsa.

"Wannan gado ba ya fita," in ji shi.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, kai ka saya? Gadon aurenta ne, daga Tibiri muka kawo shi."

"To mai gadon ma ba ta fita!"

Sambo ya ce shi dai kunnensa ya ji. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi guɗa, Zalihatu ta ɗaga mata hannu. Ta matso gabansa, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, ni ba gado ba ce. Da ni za ka yi magana."

Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, gumi na bin gemunsa. Can ya ce, da wata 'yar murya da Kore Mairuwa ba ta taɓa ji ba, "Na mai da ke, Zalihatu." Ya ƙara da cewa, "Rufin ma da can yana yoyo."