Sunan da Zuliha Ba Ta Faɗa Ba

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Makoda ya san Zuliha, ko da bai san sunanta ba. Gajeriyar mace ce mai kaushin hannu, ƙamshin suyar gyaɗa ba ya barin mayafinta. Ƙauyensu irin wanda gonaki suka matse ne, inda in ka yi atishawa a gonarka maƙwabci zai yi maka addu'a daga tasa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da kaskon suya, da su ta riƙe gida.

Zuliha mutuniyar zamanin da ce, mai alkunya har ta wuce misali. Ɗanta na fari, Khalilu, ya kai shekara ashirin da shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan", ko "mai gonar". In baƙo ya tambaye ta sunan babban ɗanta, sai ta kau da kai, maƙwabciyarta Fanta ta amsa mata. Haka iyayenta suka yi, haka ta tarar. Amma kowa ya san ƙuli-ƙulin farko da ya fito daga mai na Khalilu ne, shi ma ya sani.

A shekarar da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, kwanon masara ya gagari talaka, ciwo ya zama abin tsoro fiye da yunwa. Sai ga wata ma'aikaciyar kamfanin inshorar lafiya, Sakinatu, 'yar birni, ta zo ta tara mata a gindin tsamiya. Ta ce mutum zai biya sau ɗaya a shekara, kowane kai da kuɗinsa, in ya kwanta a duba shi a asibitin kuɗi ba tare da an ce ya kawo komai ba. Tsarin iri biyu ne: ƙarami na magani, babba har da tiyata.

Zuliha ta fi kowa tambaya. "To in shekara ta ƙare ban yi ciwo ba fa, 'yar nan?"

"Kin taimaki wanda ya yi, Inna."

Wasu mata suka ce ai wannan gayyatar cuta ce, suka kakkaɓe zane suka tafi. Zuliha kuwa ta kwana biyu tana juya maganar, ta tuna yadda mijinta ya mutu ana neman abin yi masa aiki. Ta sayar da awakinta biyu, ta zaɓi babban tsarin. Kason Khalilu ta fara warewa, ta ƙulle shi daban a gefen zane.

Ranar rubuta suna Fanta ta tafi biki Bagwai. Zuliha ta zauna gaban Sakinatu ta faɗi sunanta, ta faɗi Uwaisu, ta faɗi Safiyatu, ta faɗi Ja'afaru, ana ɗaukarsu hoto da waya ɗaya bayan ɗaya. Khalilu yana gona, ko da kira ɗaya zai jiyo. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ta waiga tana neman wadda za ta faɗa mata, kowa na ta kansa.

"Shi ke nan, Inna?"

Zuliha ta sunkuyar da kai. Yarinyar birni ina ta san wannan shirun? Ta ɗauka an ce mata e, ta kira ta gaba. Kafin la'asar motarsu ta tashi.

Tun daga ranar abubuwa suka soma ba Zuliha tsoro. Katunan inshora huɗu da aka ba ta ta rataya a ƙusa, kuma gidan ya zama kamar na mutum huɗu. Sau biyu tana kwashe tuwo ta ga ta manta kwanon Khalilu, ita da ba ta taɓa mantawa ba. Masu gaisuwa su tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya su tsallake shi. Wata rana da tsakar rana ta hango gona, ta ga fartanya tana tashi tana sauka, amma ta daɗe tana ƙura ido kafin ta ga mai riƙe da ita. Ta shafa ƙullin gefen zanenta, ta ce in yarinyar ta dawo za ta sa Fanta ta gyara.

Kafin yarinyar ta dawo zazzaɓi ya kama Khalilu. Kwana tara yana cewa zai wuce, ran na goma cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Aka ɗora shi a mota zuwa asibitin da aka rubuta a bayan katin. Likita ya ce taifot ta huda hanji, sai an yi aiki yau.

A tagar karɓar kati wani mutum ya tambaye ta sunan marar lafiya. Nan, a gaban baƙi, Zuliha ta faɗe shi karo na farko a rayuwarta, da ƙarfi.

Mutumin ya danna kwamfuta, ya sake dannawa. "Inna, babu mai wannan sunan a cikin 'ya'yanki."

Ta kwance ƙullin ta miƙa masa. Ya ce ba a shiga tsarin ranar da aka kwanta, kuma abin da ke hannunta bai kai na aiki ba. Ɗanta Uwaisu ya koma gida da gudu ya sayar da hatsi, mai saye ya ce ba shi da tsabar kuɗi sai dai ya tura ta waya, wayar kuma ta ƙi. Khalilu ya cika washegari da hantsi, kansa a cinyar uwarsa.

Ba ta daina suyar gyaɗa ba. Sai dai yanzu ƙuli-ƙulin farko tana ajiye shi a bakin ƙofa, kuma masu gonakin kusa sun ce da azahar sukan ji ta tana kiran sunan, a hankali, kamar mai koyon magana.

Da shekara ta zagayo Sakinatu ta dawo gindin tsamiya. Zuliha ce farkon layi. Ta ajiye tsohon ƙullin a kan tebur ta ce, "Rubuta Khalilu. Shi ne babba."

"Ina yake, a ɗauke shi hoto?"

"Ga shi nan kusa da ni."

Fanta ta kama hannun Zuliha tana hawaye. Sakinatu ba ta san komai ba, ta ɗaga waya. Ɗan akwatin nan da yake zagaye fuskar mutum a allon waya ya kama fuskar Zuliha. Sai wani akwatin ya fito a gefenta, a sama kaɗan, daidai tsayin namiji, inda babu kowa sai iska. Sakinatu ta goge wayar da mayafinta ta sake ɗagawa, akwatin bai gusa ba. Allah ne masanin abin da na'urar ta gani.

Zuliha ba ta dubi wayar ba. Ta juya gefenta ta ce, "Ɗago kanka, Khalilu. Sunanka za a rubuta."