Tabo a Huhun Baraniko

Baraniko ɗan tsibirin Maiana ne, auta a wajen Iotebwa masunci. Tun yana firamare malamai suka ga kansa na ja, musamman a lissafi, don haka aka tura shi sakandare a Tarawa, babban birnin ƙasarsu. Ya zauna hannun yayarsa Tokanikai a unguwar Betio, cikin gidan langa-langa da ya cika da 'yan uwa har ba wurin miƙe ƙafa, wannan na tari wancan na minshari. Da ya gama, ya samu aikin awon shinkafa da sukari a wani kanti. Amma ransa ba ya kan sikeli. So yake ya tafi Ostareliya ya karanto aikin injiniyan ruwa, saboda ya taso yana ganin rijiyoyin garinsu suna komawa zartsi ɗaya bayan ɗaya.

Neman gurbin ya ci masa shekaru. Yakan wuni a shagon intanet, takardunsa su kusa tafiya sai wuta ta ɗauke. Jarrabawar Turanci kuwa sai mai gwaji ya zo daga Fiji ake yin ta. Karon farko ya faɗi a ɓangaren magana, don ya sunkuyar da kai yana amsawa ƙasa-ƙasa, yadda aka hore shi ya yi wa manya magana. Karo na biyu ya ci, aka ɗauki wasu. A na uku wata jami'a a jihar Queensland ta Ostareliya ta karɓe shi, aka kuma ba shi tallafin karatu. Saura kawai gwajin lafiya na biza.

Ya roƙi Tokanikai ta yi shiru har a gama.

"In yi shiru? Kai, auta, ni na wanke maka wando kana ƙarami, yau kuma ka ce in rufe baki? Ai ko kifin teku sai ya ji!"

Kafin mako ya zagayo labari ya isa Maiana, aka aiko ya zo a sallame shi. Gari duk ya taru a maneaba, babban zauren taron nan mai rufin ganye. Kawunsa Tebau ya yanka aladen da yake kiwo don bikin 'yarsa. Aka haƙo manyan gwaza, aka gasa kifi, tsofaffin mata suka tsara waƙa da sunansa, suka ɗora masa rawanin furanni, suka barbaɗe masa wuya da hoda.

"Injiniya!" in ji Kawu Tebau, baki duk maiƙo. "In ka dawo, rijiyata za ka fara gyarawa. Kuma kada ka kwaso mana Baturiya wadda ba ta iya cire ƙayar kifi ba."

Aka kwashe da dariya. Mahaifinsa kaɗai bai yi ba. Da suka keɓe ya ce, "Ɗana, kifin da ke ruwa ba a sa masa gishiri. Amma tunda sun yi, Allah ya rufa asiri."

Da ya koma Tarawa aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo.

"Kana tari?"

"Ɗan kaɗan, da safe. Ai kowa a gidanmu yana yi."

"To, shi ne abin. Zauna, ƙanena."

Tarin fuka ne. Aka ɗora shi kan magani na wata shida, ƙwayoyin da ke mayar da fitsari ja, su sa abinci ya fita a rai. Jami'a ta yi masa uzuri, ta ɗage zuwansa. Ya sha maganin bai tsallake ko rana ɗaya ba, ya warke, amma ciwon ya bar tabo a huhu. Masu biza suka ce sai an sake gwada majinarsa a ƙasar waje a tabbatar, kuma sakamakon yakan ɗauki watanni. Kafin ya fito an fara karatu, an miƙa tallafin ga wadda ke biye masa, wata yarinya mai suna Kaetiata. Da ya tashi sake nema, aka ce jarrabawar Turancinsa ta tsufa, sai ya sake wata. A shekarar ne kuma mahaifinsa Iotebwa ya fita kamun kifi, kwale-kwalensa bai dawo ba. Nauyin tsohuwa, mahaifiyarsa, ya dawo kan Baraniko. Tafiya Ostareliya dai ta leƙo ta koma.

Mai kanti ya riga ya sa wani a madadinsa, mutane kuma suna ɗari-ɗari da awon mai tari. Sai ya koyi tuƙi, ya kama jan ƙaramar bas tsakanin Betio da filin jirgi. Sunan Injiniya kuwa ya bi shi har tasha.

"Injiniya, tayarka ta yi faci, ko sai mun kira Ostareliya?"

Yakan yi murmushi ya ɗauko jak. Abin da ya kasa shi ne zuwa Maiana. Da aka yi addu'ar mahaifinsa ya je da safe ya juyo da jirgin yamma, saboda ya tarar yara suna rera waƙar nan tasa a bakin teku, ba su ma san shi ne ke wucewa ba. 'Yar Kawu Tebau an yi bikinta da naman gwangwani. Kawun bai taɓa tayar da zancen ba, shirun kuma ya fi zagi ciwo.

Ya auri Rutiana, mai sayar da soyayyen kifi a bakin hanya, mace mai kirki da kaifin harshe. Suka haifi yara uku. In ta gan shi ya yi tagumi a ƙofar gida sai ta ce, "Baban Meere, dawo daga Queensland ɗin nan ka ɗebo mana ruwa."

Wata rana wata mata mai jakar hannu ta shiga motarsa a filin jirgi, ta zauna gaba. Ta dube shi, ta sake dubawa.

"Kai ne Baraniko na Maiana? Ni ce Kaetiata."

Ya rage gudu. Ya daɗe yana zaton in ya gan ta zuciyarsa za ta tafasa, sai ga shi kunya ce ta kama shi saboda rigarsa mai baƙin mai. Ta ce ta gama, ta ƙara wani karatun, yanzu aiki take a can, hutu ta zo.

"Yaya, na daɗe ina son in gan ka. Ko yanzu in kana so, na san mutane, sai mu gwada."

"Shekaruna sun wuce na waɗanda suke ɗauka, ƙanwata. Faɗa mini dai, da gaske akwai injin da ke mayar da ruwan teku na sha?"

Ta yi masa bayani tun daga nan har Betio, yana jefo tambayoyi, har fasinjoji suka fara ƙorafin ya wuce da su inda za su sauka. Da ta miƙo kuɗin mota ya ƙi karɓa. Ranar bai ci abinci ba, Rutiana kuma, karo ɗaya a zamansu, ba ta tsokane shi ba.

Tuƙin bai ɗore ba. Ƙurar hanya da hayaƙi suka riƙa tayar masa da ƙirji, har likita ya ce ya nemi wuri mai iska. Tsohuwarsa ma idonta ya tafi, ba mai kula da ita. Haka ya tattara ya koma Maiana yana da shekara arba'in da 'yan kai. Rutiana ta zauna a Betio saboda makarantar yara, takan zo da su lokacin Kirsimeti.

Yanzu fasa kwakwa yake yi yana shanyawa don masu saye. Ba ya iya hawa bishiya ya taro bammi kamar sauran maza, numfashi ba ya kai shi rabi, sai maƙwabta su sammasa nasu. Da hantsi yakan fito da tsohuwa inuwa, ya tsince mata ƙayar kifi ya sa mata a hannu, sannan ya koma wajen shanyarsa kafin hadari ya taso.