Gyaran da Dattijo Ya Yi da Fensir

Mai kula da ɗakin karatun asibitin ba ta san sunansa ba. An dai ce mata tsohon mai ɗaukar hoton ƙashi ne, an kira shi ya duba sabon littafin kare kai daga hasken injin hoto, kafin a ba ɗalibai.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa. Da hannun hagu yake buɗe shafi. Na daman yana kan cinyarsa, yatsu biyu babu, fatar sauran ta bushe ta tsattsage. Inda littafin ya ce ma'aikaci ya tsaya bayan katangar dalma, sai ya rubuta a gefe da fensir: "In akwai." Wajen rigar dalma ma haka.

Ta kawo masa ruwa, ta ce, "Baba, littafin zai yi?"

"Zai yi, 'yata, babu ƙarya ko ɗaya. Amma mai shi bai taɓa aiki a ƙaramin asibiti ba. Ya ce uwa ce za ta riƙe yaro a ɗauke shi hoto. To, in uwar tana da ciki fa, yaro yana ta shure-shure? Wa zai riƙe?"

Ta dubi hannun nan. Yara nawa ke nan ya riƙe da shi a gaban hasken injin, cikin shekara nawa?

A shafin ƙarshe ya rubuta wa ɗaliban: "Kada ku riƙe da hannunku." Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ƙara a ƙasa: "In za ku iya."