Biyu Ruwan Goro, Uku Fari: Ta'aziyyar Malam Ƙirga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar Azahar, ina gona a Fulatan ina duba gyaɗa, sai wayar Yaya Abdulmutalib ta shigo. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce Allah ya yi wa ƙaninsa Bahauddeen rasuwa: ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta da ke Karaye, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa arba'in da tara. Ya bar mahaifiyarsa Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, da matarsa Sadiƙa, da 'ya'ya biyar.

Bahau, taubashina, yau kwana goma ke nan ina neman yadda zan rubuta maka ta'aziyya irin ta mutanen kirki, wadda ake karantawa a share hawaye. Duk sanda na ɗauki biro sai in tarar haushinka ya riga hawayen isowa. Tun muna yara a Tudun Kaya ban taɓa ɓoye maka abin da ke raina ba, kai ma ba ka taɓa raga mini ba. Don haka ka yi haƙuri, yadda muka saba haka zan yi maka magana.

Wanda bai san ka ba zai tambayi dalilin da ya sa daga Karaye har Rogo ake ce maka Malam Ƙirga. Dalilin shi ne, duk wanda ya kawo maka kwamfutar tebur wadda ta ƙi tashi, ba ka fara ɗaukar sukundireba. Kujera kake tura masa, ka jona wuta, ka danna makunni, ka nuna masa 'yar fitilar nan da ke jikin makunnin ka ce, "Zauna ka ƙirga." Mutum ya taho a kan babur da akwati ɗaure a baya, ransa a ɓace, aiki na jiransa, kai kuma ka zaunar da shi yana kallon fitila kamar mai duban wata. Sau nawa ta ƙifta ruwan goro? Da ta ɗan yi shiru, sau nawa ta ƙifta fari? Idan ya yi saurin ba da amsa, ka ce ya jira ta zagayo sau uku. Na ga manyan ma'aikata, masu babbar riga, suna ƙirga da yatsu a shagonka suna hararar ka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kullum kai ne da gaskiya. Kakan ce kwamfuta ba ta ƙin tashi ta yi shiru, sai ta faɗi inda ke mata ciwo, mu ne ba mu da haƙurin saurare. Idan fitilar ba ta kama ba ko kaɗan, kafin a zargi kowa a duba waya da soket da akwatin wutar da ke ciki. Idan ta kama fari ta tsaya cak, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, a duba igiyar da ta haɗa akwatin da allon. Idan kuwa ƙiftawa take yi, to lissafi ne, kuma kowane kamfani da irin nasa. Wani adadin na nufin batirin nan mai kama da kwabo ya mutu, wani na nufin ram, wato sandar ƙwaƙwalwar da ake sokawa a ciki, ta saki ko ta yi datti. Mutum ya zo yana tsammanin kwamfutarsa ta mutu murus, ya koma gida da ita tana aiki, abin da aka canza bai fi girman ƙwayar gurjiya ba.

Ni ne ɗalibinka mafi taurin kai, na yarda. Shekarar da aka ba makarantarmu ta Fulatan kwamfuta guda ɗaya tilo, ni ne shugaban makarantar, kuma a ofishina aka ajiye ta. Da damina ta yi nisa, wata safiya ta ƙi tashi. Muka taru da malamai muka yanke shawarar cewa sanyi ne ya kama ta. Muka shimfiɗa buhu a tsakar makaranta, muka shanya ta a rana kamar gyaɗa, har wani malami yana juya ta don ɗaya gefen ma ya samu. Da la'asar ta ƙi tashi, na buga maka waya na faɗa maka abin da muka yi. Sai ka ce, "Sulle, kun sa mata gishiri, ko haka za ku ci ta?" Shekara bakwai kana ba da labarin nan a duk taron suna da ɗaurin aure, kana ƙara masa gishiri, har ka kai ga cewa mun kore mata kaji.

Amma ranar ba ka kashe waya ba. Ka sa na mayar da ita ofis, na bar ta ta huce, na zauna na ƙirga. Biyu ruwan goro, uku fari. Ka sa na zare wuta, na danne makunni na ɗan lokaci, na taɓa ƙarfen akwatin da hannu, na buɗe, na ciro ram, na goge haƙoranta masu ruwan zinare da magogin fensir, na mayar har ta yi ƙas. Ta tashi. Kuma katin wayarka ne ya ƙare a kan haka, don kai ka sake kira da nawa ya yanke. Haka ka yi wa mai shagon buga takardu a Rogo, haka ka yi wa matan ƙungiyar manoma a Kwanyawa, waɗanda ka je wa sau uku a kan babur cikin taɓo don kwamfutar da ba taka ba. Wanda za ka iya warkar masa da kwamfutarsa ta waya ba ka taɓa cewa ya ɗauko ta ya kawo ba, alhali da kawowar kake cin abinci.

Sau nawa na roƙe ka ka rubuta mana lissafin fitilun nan a takarda mu manna a bango? Ka ce abin da mutum ya ƙirga da idonsa ba ya mantawa, abin da aka manna a bango kuwa gara ce take karantawa. Na ce rowa ce, kana tsoron mu iya mu daina neman ka. Ka ce in na iya bambance biyu da uku ba tare da na yi fushi ba, ranar za ka rubuta. A kan wannan muka rabu da Babbar Sallah, ina zaginka kana dariya.

Yanzu ga inda haushina yake. Tun azumin bara Sadiƙa take faɗa maka ciwon kan nan naka ba na gajiya ba ne. Ƙafafunka suka kumbura har ka koma sa silifa. An gwada ka an ce hawan jini ne, an ba ka magani, ka sha na mako biyu ka ce ka ji sauƙi. 'Yarka ta fari, Munawwara, wadda ba ta da buri sai na aikin jinya, ta ari abin gwajin jini ta riƙa bin ka da shi, kana cewa sai gobe. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma neman magani ma umarni ne, Bahau. Kai da ka zaunar da rabin Karaye suna sauraren akwatin ƙarfe, jikinka ya shekara yana yi maka magana ka ƙi zama.

Ba jikinka kaɗai ka yi wa haka ba. Ranar Alhamis, bayan addu'ar uku, Sadiƙa ta aiko a kira ni ciki. Na tarar da Munawwara zaune gefenta, idanu sun kumbura. Ashe makarantar koyon aikin jinyar da ta nema ta ɗauke ta, an ce ta ɗora takardunta a shafinsu na intanet kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, in ba haka ba gurbin ya koma hannun wani. Takardun na asali kuwa, ta haihuwa da ta kammala makaranta da ta shaidar ƙaramar hukuma, ruwan da ya yi gyara a ɗakinku bara ya mayar da su kunu. Hotunansu da ka ɗauka tun kafin nan suna cikin kwamfutarka ta shago, babu su a ko'ina sai can. Kuma kwamfutar Malam Ƙirga, mai gyaran kwamfutocin ƙananan hukumomi biyu, mako shida ke nan ba ta tashi. Kullum yarinyar ta yi maka magana sai ka ce ƙaramin abu ne, bari ka gama da na mutane.

Na rantse da a ce kana gabana a lokacin, da sai an raba mu.

Muka buɗe shagon da hantsi, ni da ita da Yaya Abdulmutalib, 'yan zaman makoki suka biyo mu. Nan take shago ya cika da masana. Wani ya ce a bubbuga gefenta, haka yake yi wa rediyonsa. Wani dattijo ya ce kayan mamaci ne, a bari sai an yi arba'in. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce a ɗan shanya ta. Yaya Abdulmutalib ya ce a daina ɓata lokaci, ya san wani yaro a Kano da zai wanke ta tas ta dawo sabuwa, har ya fara naɗe wayoyi. Na san abin da wankewar nan take nufi, don ka sha faɗa mini: a share duk abin da ke ciki, har da takardun da muke nema. Ban taɓa ɗaga wa yayanka murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, don girman Allah ajiye ta. Kowa ya fita ko ya yi shiru."

Na jawo kujerar nan taka mai ƙafa ɗaya gajeriya, na kunna wutar sola, na danna makunni. Fitila ta fara ƙiftawa. Na ce biyar ne, kuma ban san ma'anar biyar ba, shi ke nan mun shiga uku.

Munawwara ta ce, "Baffa, ba haka Baba yake yi ba. Ka haɗa su ne. Ka jira ta zagayo."

Ta durƙusa kusa da ni tana ƙirgawa a hankali, yadda take ƙirga bugun jini a wuyan hannunka in ka yarda ka miƙa. Sau uku muka bar ta ta zagayo. Biyu ruwan goro, shiru, uku fari. A duk lissafinka shi kaɗai na sani, kuma na san shi ne albarkacin ranar da na shanya kwamfuta.

Na zare wuta, na danne makunni, na taɓa ƙarfe, na buɗe. Zanzaro ne ya shiga ta ramin fanka ya gina gidansa dab da ram, ƙasar ta marmashe ta zuba a mazauninta. Aikin minti goma, Bahau. Mako shida yarinya tana kwana da fargaba saboda aikin minti goma. Na ɓamɓare ginin, na hure ƙasar, na goge haƙoran da magogin da na samu a aljihun teburinka, na mayar har ta yi ƙas. Na yi bismillah na danna. Fitila ta kama fari ta tsaya, allo ya kawo haske. Takardun suna nan cikin wata jaka da ka sa wa suna "Nas Munawwara", ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ta ɗora su, kuma ranar Litinin saƙo ya zo cewa an karɓa.

A gefen jakar tata na ga wata takarda, sunanta "Na Sulle". Na buɗe. Shafi huɗu ne, lissafin fitilun kowace irin kwamfuta da ke yankin nan, da abin da kowane adadi yake nufi, da abin da za a yi, cikin Hausar da ko ni zan gane. Ranar da ke jikinta kwana biyu ce bayan Babbar Sallah. Wato ka rubuta. Ka zauna ka rubuta yadda ake tayar da kwamfutar da ta ƙi tashi, sannan ka adana shi a cikin kwamfutar da ta ƙi tashi. Wane irin mutum ne kai? Na buɗe baki zan faɗi haka a gaban jama'a, sai idona ya sauka a kan layin farko: "Sulle, kafin komai, huce. Zauna ka ƙirga." A nan kukan da na kwana biyu ina riƙewa ya ƙwace mini, a gaban 'yarka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Na buga takardar. Na manna ɗaya a ofishina, na kai ɗaya Rogo, ɗaya Kwanyawa, kuma na sa su a leda saboda gara. Na kuma je an gwada jinina, Munawwara ce ta tsaya a kaina sai da na je.

Ya Allah, ga bawanka Bahauddeen ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka sa haƙurin da ya yi da mu da taimakon da ya yi wa bayinka su zama masa nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Hajo, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta, da Sadiƙa, da Yaya Abdulmutalib wanda nake neman afuwarsa, da Munawwara da ƙannenta, da jama'ar Tudun Kaya da Karaye baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ni kuma na yafe maka, taubashi, duk da ba ka nema ba. Kai ma ka yafe mini rowar da na ce kana da ita.

Sulle Muhammad Fulatan