Kwalbar Jam Ɗin da Inna Ta Ƙi Buɗewa

Shekarun baya can, zamanin da kaset ne wasiƙarmu, muna zaune a Barking, wata unguwa a London, ni da maigidana, yana ƙaro karatun likita. Shekarata huɗu rabona da Zariya. Duk bazara sai mu ce sai baɗi, kuma kewar mahaifiyata tana cina.

Wata rana kaset ɗinta ya iso. Bayan ta lissafo wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ƙasar taku ba ta fid da komai ne? Ki aiko min abin da itatuwanku ke haifa in ɗanɗana."

Maƙwabciyata wata tsohuwar Baturiya ce mai zama ita kaɗai, tana da bishiyar da reshenta ya tsallako mana katanga. Plum suke kiran 'ya'yan, kamar ɗinya amma sun fi ta girma da ruwa. Na roƙa, ta ce in ɗiba son raina. Wani abokin maigidana kuma zai tafi gida bayan sati uku.

Sai na yi abin da na iya. Na yayyanka su, na shimfiɗa tsohon zani a bayan gida, na shanya kamar kauɗar tumatir. A London fa! Kwana uku ina sintiri da zani, yayyafi ya sauko in kwashe, ya ɗauke in mayar. A na huɗu fumfuna ta rufe su. Ina tsugune a kansu kamar zan yi kuka, tsohuwar ta leƙo ta katanga. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "'Yata, mu nan ba mu da rana. Sukari gare mu. Zo da safe."

Har yau in na rufe ido ina ganin kicin ɗin nan. Tagar ta yi gumi, jirgin ƙasa na layin District yana wucewa can nesa, tukunyar plum da sukari tana tafasa a hankali, kalar tana juyawa daga ja zuwa wani duhu mai sheƙi. Ina juyawa da muciya, hankalina yana madafin Inna. Tsohuwar ta ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ta tura da yatsa, da ya yamutse ta ce ya yi. Wannan shi suke kira jam. Muka zuba da zafinsa a kwalaben da ta gasa, muka rufe gam. Ta ce in dai ba a buɗe ba, zai shekara bai lalace ba. Na naɗe kwalba ɗaya a ɗankwali, na ba mai tafiya har da wannan bayanin.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Muna cin abinci muka kunna.

"Kwalba ta iso, Allah Ya yi albarka. An ce Baturiya ta ce shekara guda zai yi. To, ban buɗe ba. Ni ba na cin abin da ban san kansa ba sai wadda ta dafa tana zaune. Wata biyu dai sun tafi."

Maigidana ya fara dariya, da ya kalli fuskata sai ya daina. Bayan kwana biyu ya shigo ya ce, "Na yi miki booking ɗin jirgi zuwa gida."

Saura wata uku shekarar ta cika na sauka. Na tarar da kwalbar a bayan randa, wai nan ya fi sanyi. Inna ta buɗe, ta lakata, sannan ta ce zaƙin ya yi yawa. Ta rufe ta ture gefe, ta hau tambayata me ya ramar da ni haka.

Na daɗe ban gane ba, sai da nawa 'ya'yan suka yi nisa da ni. Ni ce 'yar farinta, kunya ba ta barinta ko sunana ta kama, balle ta ce tana kewata. Shekara huɗu tana neman hanyar da za ta ce in zo gida.