Takardar "5 zł" a hannun kwat ɗina

Jama'a, yau mai gwanjo ya kunyata ni gaban surukaina!

Jiya na sayi kwat a kasuwar Konni, jika goma sha biyar na sefa. Wata 'yar takarda na lilo a hannunta, an rubuta "5 zł". Mai gwanjon ya ce, "Alhaji, kar ka cire, tambarin kamfani ne."

Na saka ta zuwa suna a Badaguishiri, ina ta ɗaga hannu a gani. Sai Sani, ƙanen matata mai karatu a Poland, ya kamo takardar.

"Yaya, ai farashi ne! Haka suke taƙaita sunan kuɗinsu, zuloti. Biyar kuwa kuɗin burodi ne."

Surukina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya!

Wallahi gobe zan mayar wa macucin nan burodinsa!